Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu lambu, Garwa

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa mambobi. Ga abin da muka yi bana. Reyiniyon na wata-wata duk mun zauna sai na Satumba da ruwa ya hana, kotizasiyon yawanci an biya, waɗanda suka rage don Allah ku kai wa ma'aji da kanku kar a sa dattijo yawo. Motopom ɗin ƙungiya, wato injin ban ruwa, an gyara, tana zagayawa yadda aka tsara.

Inda nake so in tsaya shi ne ziyarar da muka kai watan Maris wani tsohon lambu a ɗan ƙauye bayan Pitowa. Ranar Lahadi muka tashi, ranar kasuwar Pitowa kenan, hanya ta cika maƙil, muka fara gaida jauro, wato mai garin, sannan Baba mai lambun ya shige gaba. Zafin Maris kun san shi, ya haura 40, amma muna shiga ƙarƙashin mangwarorin nan wallahi kowa ya yi shiru, sanyi kamar bakin Binuwai da asuba. Baba ya ce kakansa ne ya dasa su tun zamanin Faransa, kafin ƴancin kai na 1960, gindin ɗaya mutum biyu ba sa rungume shi. Rijiyar na nan da jigonta, icen har ya yi sulɓi saboda hannu. Akwai gawon da ya hana a sare, ya ce shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ga taki kyauta.

Abin da ya taɓa min zuciya, ya ce tun da aka gama madatsar Lagdo ta kan kogin Binuwai a 1982 ruwan da ke kwantar musu da laka a fadama ya ragu, yaransa duk suna birni suna tuƙa moto, wato babur, masu gawayi kuma har sun fara zuwa tayin itatuwan. Ya ce musu a'a, amma fa Baba ya manyanta.

Shi ya sa muka roƙi rassa, matasanmu suka koyi auren mangwaro a hannunsa, da ƴar wuƙa da leda, muka ɗaura a kan dashenmu. Wasu sun kama, wasu sun bushe, kuma laifinmu ne, ban ruwa muka yi wa sakaci.

Baɗi in sha Allah za mu koma mu yashe masa rijiyar kafin ruwa ya sauka. Mai zuwa ya ba ma'aji sunansa, a taho da igiya da bokiti.

Sakatare