Wasiƙa ga Babana a Tokyo

Tudun Wada, Zariya

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya lau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙon muryarka na daren Talata ya iso, har sau biyu na saurare shi. Na ji ƙorafinka: wai ka yi digirin Turanci a Samaru, ka riƙe alli shekara huɗu, ga shi ka je Japan aikin koyar da Turanci, amma a makon nan na farko an zaunar da kai tun tara na safe ana koya maka cire takalmi da rarraba shara. Na yi dariya, sai dai ban goyi bayanka ba.

Farkon fara aikina, a shekarun 1980, makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Fakistan da Gana. Biyu daga cikinsu ban manta da su ba. Na farko gwani ne a lissafi, amma haka zai ratsa ɗakin malamai ko sannu babu. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan, sai dai ranar da motarsa ta ƙi tashi, kowa ya tuna yana da aiki. Na biyun kuwa, makonsa na farko a gindin darbejiya ya yi shi tare da masinja, da ɗan littafi a hannu yana rubuta "ina gajiya", "yaya iyali". Hausarsa abin dariya ce, amma da zai koma gida har tasha muka raka shi. Wannan makon da kake rainawa shi ne gindin darbejiyarka, kai har an biya wani ya zauna ya koya maka.

Ka riƙe abin da suka faɗa maka game da matsayinka. Mataimaki aka ɗauke ka, ajin na malamin Japan ne. Za ka ji ya yi kuskuren lafazi a gaban yara, harshenka zai yi ƙaiƙayi, na san ka. Ka haɗiye. In gyaran ya zama dole, bari ku koma ofis ku biyu. Su 'yan Japan, r da l ke rikita su. Mu nan shekara nawa na yi ina raba yara da p da f, kai ma sai da ka sha rula a kai. Ka kuma rage gudun baki, don tun 2020 Turanci ya zama darasi sosai a aji biyar da shida na firamare, 'yan aji uku ma ana ɗanɗana musu. Ƙila yaro ɗan shekara takwas ne zai fara jin Turanci daga bakinka.

Lokaci kuma ba irin na ɗaurin aurenmu ba ne. In an ce tara, tara saura goma ta same ka a zaune. In ka ga yara sun ɗauki tsintsiya suna share aji da kansu, kada ka naɗe hannu kamar sufeto, ɗauki taka.

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma nemi ka liƙa, amma ban da cikinka da sallarka. A makarantun firamare malami kan ci abincin rana tare da yara a cikin aji, kuma naman alade ba baƙo ba ne a tukunyarsu, wata miyar ma da ɗan giyar shinkafa ake haɗa ta. Tun yanzu, kafin a tura ka garin da za ka zauna, ka gaya wa mai kula da ku cikin ladabi cewa za ka riƙa zuwa da naka. Faɗa tun farko ya fi ture kwano a gaban yara. Haka Juma'a, ranar aiki ce a can, ka tambaya da wuri. Alƙiblarka ta juya, yanzu yamma kake kallo da ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Kafin ka bar Tokyo ka je masallacin nan da Turkawa suka gina, Tokyo Camii, ka karɓi lambar wasu 'yan'uwa. Batun sunkuyawa wajen gaisuwa da ya dame ka, kai da ka tashi kana durƙusa wa manya? Ɗan rusunar da kai ya isa, ba sai ka kai ruku'u ba.

Katin zamanka kada ya bar aljihunka, doka ce. In ka sami ɗaki, kwana 14 gare ka ka yi rajistar adireshi a ofishin ƙaramar hukuma.

Mahaifiyarka ta dage sai ta aiko maka da kilishi. Na gaya mata Japan ba ta barin a shigar da nama, ta ce to yaji fa? Shi ma ka tambaya mana. Kun riga mu da awa takwas, don haka ka daina kiranta da safiyarku, kana tayar mana da gida tsakar dare. Taran darenku ɗayan ranarmu ce, lokacin ta gama girki.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare. Wassalam.

Mahaifinka