Maye ba hauka ba ne a gaban alƙali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu gyara wata fahimta da ta yaɗu a Yamai. Direba ya sha giya ya kaɗe mutum a kan hanyar Doso ko a bakin gadar Kennedy, kafin a kwana biyu sai ka ji dangi na cewa "ai ba shi da lafiya, yana karɓar magani a Pavillon E" (sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai), kamar wannan kalma ta rufe magana ke nan. Su kuma iyalan wanda aka kaɗe sai su saduda, su ce haƙƙinsu ya bi ruwa. Ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 2003, ba ta ɗora laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe a lokacin da ya aikata abin. Nauyin maganar yana kan "a lokacin". Katin asibiti na nuna cewa mutum ya taɓa rashin lafiya, bai nuna halin da yake ciki a daren da ya kama sitiyari ba. Mutane da dama masu ciwon damuwa, ko masu jin muryoyi da magani ya kwantar musu, suna kasuwanci, suna riƙe da iyali, sun san daidai sun san kuskure. Irin wannan idan ya sha ya yi tuƙi, shari'a za ta tambaye shi kamar kowa. Ciwon nasa na iya sa alƙali ya sassauta, amma sassauci daban, wankewa daban.

Maye kuwa mutum shi ya jawo wa kansa. Laifin ya soma tun sa'ar da ya san ya sha kuma ya ɗauki makulli. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba waɗannan biyu: a Risala an ce mashayi idan ya yi kisa ana kama shi da laifinsa, mahaukaci kuwa idan ya kashe mutum diyya na kan danginsa na wajen uba. A lura, ko a can jinin mamaci bai tafi a banza ba.

Inda aikin ke lalacewa shi ne sa'o'in farko. Jiki na ƙone giya da kusan giram 0.10 zuwa 0.15 a kowace lita ta jini cikin awa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada direba ya wuce giram 0.5. To wanda ke da 0.9 da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, idan ba a ɗebi jininsa ba sai bayan sallar asuba, sakamakon zai fito kusan fes. Don haka a ɗebi jini da wuri bisa takardar buƙata daga ƴan sanda ko jandarma, a rubuta lokacin haɗari da lokacin ɗibar jinin, kuma kada a goge fatar hannu da alkol kafin a soka allura, domin lauya zai kama nan ya rushe gwajin. A nemi gwajin fitsari ma, tun da a garin nan giya ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Tramol da diyazefam na tafe tare da ita, kuma tramol mai yawa na iya jefa mutum cikin farfaɗiya yana tsakiyar tuƙi.

Ba duk mai tangaɗi da sambatu ne mashayi ko mai taɓin hankali ba. Jini da ya taru cikin ƙoƙon kai bayan buguwa na kawo wannan, haka ma faɗuwar sukari a jini, wadda ake ganewa da ɗigo ɗaya daga yatsa. Warin giya a baki bai hana ɗayan biyun kasancewa ba. Likita ya fara ganin direban kafin a kulle shi.

Akwai kuma abin da ke ruɗa kowa a kwamisariya. Tsarewar farko awa 48 ce, ana iya sabunta ta. Wanda ya saba sha kullum, idan aka yanke masa kwatsam, hannunsa na soma rawa cikin yinin farko, a kwana na biyu zuwa na uku kuma yana iya rikicewa, ya riƙa zufa, yana ganin ƙwari ko macizai a bango. Dangi su zo su gan shi haka su ce ga shaidar hauka. Ba ita ba ce. Ciwon yanke giya ne, bayan haɗarin ya zo, bai ce komai ba game da hankalinsa a lokacin tuƙi. Amma yana kisa idan aka bar shi, maganinsa gadon asibiti da diyazefam da bitamin B1, ba ɗaurin igiya ba.

Wanda ke yanke ko hankali ya gushe alƙali ne, bayan ya naɗa likitan ƙwaƙwalwa ya yi bincike. Dangi su kai katin asibiti, takardun magani da kwalayensa, da mutanen da suka ga halinsa a kwanakin da suka gabaci haɗarin: yana barci? ya daina shan magani? yaushe? Kada a ɓoye maganar giya, likita zai gano, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da sauran bayanin ba. Likita zai tambaya ko an gargaɗe shi cewa magunguna irin su haloferidol, Largactil ko Gardénal na kawo gyangyaɗi, giya kuma na ninka shi. Wanda aka gargaɗa ya take sani, hujjarsa ta yi rauni. A ganinmu mai gidan da ya san ɗansa ya kwana uku bai runtsa ba, yana surutai, ya bar masa makullin mota, shi ma yana da amsar da zai bayar.

Ga iyalan wanda aka kaɗe: kuɗin diyya ba ya jiran a tabbatar da lafiyar hankalin direba. Nijar na bin dokar inshora ta CIMA, ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda ta wajabta inshora a kan kowace mota da babur. Ko da yarjejeniyar inshorar ta ce direban da ya sha ya rasa kariya, ba a kafa wannan hujja a kan wanda aka ji wa rauni ko magadan mamaci. Kamfani zai biya. Ku tabbata an yi kwansta, wato jami'ai sun rubuta yadda haɗarin ya faru, kafin a janye motar, ku rubuta lambarta da sunan kamfanin inshorar, ku karɓi takardar likita ta farko mai bayyana raunuka, ku adana kowane rasit na magani. Dokar ta ba jami'an da suka yi kwansta wata 3 su aika wa kamfanin rahotonsu, kuma bayan shekara 5 daga ranar haɗari damar kai ƙara na iya wucewa. Idan manya suka shiga tsakani don sulhu, a saurare su, amma kada a sa hannu a takardar yafewa kafin likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya, domin karayar ƙugu ko bugun kai na iya nuna illarsa bayan watanni.

Mun gode.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da na shari'a, Yamai