Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya kan Fatar Matan da Ake Yi wa Gashin Kansar Mama

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan nauyi.

Ranka ya daɗe, ina cikin matan da aka yi wa aikin kansar mama aka biyo da gashi, wato maganin da na'ura ke haska wurin da haske mai ƙarfi don kashe cutar, Allah kuma ya tashi kafaɗunmu. Duk sanda aka tashi maganar kansa a hukumance, zancen na'ura ake yi: nawa aka sayo, ina aka girka, yaushe za ta fara aiki. Ba na raina wannan, don in babu na'ura babu gashi. Sai dai hasken da ke fitowa daga cikinta ba ya isa inda cutar take sai ya ratsa fata, kuma halin da fatar nan ta shiga yana da hannu sosai a kan ko mace za ta cika maganinta ko za ta janye a tsakiya. A kan wannan fatar na rubuto maka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano kansar mama a jikin mata miliyan 2.3, ta kuma yi ajalin 670,000. A shirin da ta ƙaddamar a 2021, ɗaya daga cikin abubuwan da ta sa gaba shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu cutar su kammala magani ba tare da sun yanke ba. Dalili a fili yake. Macen da aka cire wa ƙullutu aka bar mata maman, gashi na rage mata haɗarin dawowar cutar da kusan rabi, amma sai in ta cika adadin da likita ya yanka mata. Yawanci Litinin zuwa Juma'a ake yi, mako 3 zuwa 6, kuma tsallake kwanaki na rage ƙarfin maganin.

A kwanakin farko babu abin da mace ke ji. Ta kwanta, ta ɗaga hannu sama da kai, a daidaita ta da alamomin da aka zana mata, na'ura ta kewaya 'yan mintoci, ta tashi ta mayar da rigarta. Sai wajen mako na biyu fata ke fara magana. Hasken yana kashe ƙwayoyin halittar da ke saurin rarrabuwa ne, irin na cutar kansa, to ƙwayoyin da ke can ƙasan fata suna sabunta ta su ma masu saurin rarrabuwa ne. Ta sama tana zubewa kamar kullum, ta ƙasa kuwa ba ta taso ta maye gurbinta ba. Wurin ya bushe, ya ɗau ɗumi, ya riƙa ƙaiƙayin da ke tashin mutum da tsakar dare, ga shi an ce kada a sosa. A wurin wasu nan abin ke tsayawa. Wasu kuwa fatar na salewa, musamman a lungun ƙarƙashin mama da cikin hammata, inda gumi ke taruwa kuma fata ke gugar fata. Ni a nan ta same ni. Wurin ya riƙa tsattsafo da ruwa, riga ta manne, in zan cire sai na jiƙa ta na bi a hankali ina cije leɓe. A ranakun nan ne na gane abin da ke sa wata ta ce gobe ba za ta koma ba.

Akwai abin da nake so ka ji da kyau. Yawancin takardun bayani cewa suke yi fata za ta yi ja. Mu da fatarmu baƙa ce, jan nan ba ya fitowa yadda aka kwatanta. Wurin ƙara duhu yake yi, ko ya yi toka-toka, ko ya riƙa sheƙi. Ma'aikacin da aka koya wa neman ja kawai zai leƙa ya ce lafiya lau, alhali mace na cin wuta. Sai an duba cikin haske mai kyau, an kwatanta da ɗaya ɓangaren, an taɓa an ji ɗumin, an kuma tambaye ta abin da take ji. Wannan horo ne da ba ya cin kuɗi mai yawa, rashinsa kuwa kan sa a makara.

Abin da ake bukata don kula da wurin ma ba wani abu ne mai wuya ba, rashin mai faɗa ne matsalar. A wanke shi a hankali da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a dafa tawul a tsane ruwan ba tare da gurzawa ba. Da can hana wanke wurin ake yi, har yau ma wasu na faɗin haka, amma bincike ya nuna wankin a hankali ba ya cutarwa. A shafa man da ba shi da turare tun kafin fata ta fara bushewa, a sa riga sakakkiya ta auduga, a ajiye rigar mama mai ƙarfe. Kada a ɗora abu mai zafi ko ƙanƙara, kada a liƙa filasta, kada a sa reza a hammatar, a kuma kare wurin daga rana har bayan an gama. In fata ta buɗe, a daina shafe-shafe a nuna wa ma'aikatan, domin akwai bandeji na musamman da ba ya manne wa rauni, akwai kuma man da likita ke rubutawa don rage kumburi da ƙaiƙayi. Macen da ba a zaunar an gaya mata wannan ba, masu zuwa dubiya ne za su gaya mata nasu. Kowa da abin da zai ce ta shafa, duk da kyakkyawar niyya, ita kuma da raɗaɗi ya ishe ta za ta gwada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an gama. Ranar gashin ƙarshe ake yi wa mace barka, a sallame ta. To fatar ba ta san an gama ba: ƙunar kan ci gaba da ƙaruwa, ta kai maƙura mako 1 zuwa 2 bayan nan. Wato lokacin da ta fi bukatar a duba ta shi ne lokacin da ba kowa a kusa. Tana gida, ga gajiyar da gashi ke bari a jiki, ga wuri na ta ƙara lalacewa, sai ta ɗauka cutar ce ta dawo ko an yi mata ba daidai ba. Da an faɗa mata tun farko cewa haka abin ke tafiya, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni, da rabin fargabar ya tafi.

Don haka, ranka ya daɗe, roƙona shi ne a ɗauki kula da fata a matsayin wani ɓangare na gashin cutar kansa, a rubuta shi cikin ƙa'idar kowace cibiya. Inda duk aka girka na'ura, a samu nas da aka horar kan wannan aiki, wadda za ta duba kowace mace sau ɗaya a mako, a ɗakin da za ta iya buɗe jikinta cikin sutura. Mai da bandeji su shiga cikin abin da ake bayarwa tare da maganin, kada a miƙa wa macen da jinya ta riga ta tatse takarda ta je nema. Bayanin a yi shi da harshen da take ji, da baki da kuma a rubuce, a ɗauki murya ma don wadda ba ta karatu. A kira mijinta ko mai jinyarta su ji da kunnensu cewa wadda aka yi wa gashi daga waje ba ta ɗauke da hasken a jikinta, ba ta da haɗari ga kowa, za ta iya rungumar 'ya'yanta. Akwai matan da aka ƙaurace musu a gidajensu saboda ba wanda ya faɗi wannan.

Ina kuma roƙon ka sa masana su duba batun gajarta kwanaki. Binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna zama 15 cikin mako 3 na yin aikin da zama 25 ke yi, wani kuma da aka fitar a 2020 ya nuna zama 5 cikin mako guda ya wadatar wa mata da dama. Likita ne zai ce wa ya dace da wanne, amma inda ya dace, mace ta huta da zirga-zirga, layi kuma ya ragu ga masu jira.

In ba za a iya yin duka a lokaci guda ba, a fara da wannan: kada a sallami mace ranar gashin ƙarshe sai an ba ta lambar wayar da za a ɗauka in ta kira, an kuma sa mata ranar dawowa a duba fatarta cikin mako 2. Umarni ɗaya daga ofishinka ya isa a soma shi.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin matan da aka yi wa gashi