Ni ma ina ɗaga kai in dubi sama

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na saurari shirinku na daren Lahadin da ta wuce a kan matasan da ke barin addini. Yawancin abin da aka faɗa na saba jinsa, bai kuma dame ni ba. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Wani dattijo da ya bugo waya ya ce mulhidi da akuya duk ɗaya ne: ya ci, ya sha, ya yi barci, ran da ya mutu a ja shi a yar. Ya ce irin waɗannan mutane zuciyarsu ta bushe, ba abin da ke ba su mamaki.

Ni ina cikin waɗanda Baba yake nufi. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da imani ya bar ni, a hankali, ba da faɗa da kowa ba. Ba zan sa sunana ba, kuma ka san dalili. Duk wanda ya ga yadda wata babbar kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce ya bar addini, ɗaurin shekara 24 a 2022 kan rubuce-rubucensa na Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita biyar a 2024, ya koyi kama bakinsa. Ban zo gardama ba, kuma ba zan zagi abin da mahaifiyata ta rayu a kai ta mutu a kai ba. Maganar bushewar zuciyar nan kawai nake so in amsa.

Ga mu a tsakiyar hunturu. Kullum da safe uwargida ta goge teburi, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya a kai har yaro ya iya rubuta sunansa da yatsa. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, kowa yana tsaki. Ni ma da can tsaki nake yi, sai da na san inda hazon nan yake fitowa. Mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele. Kwarin nan gindin tafki ne. Shekara kamar 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai har can, faɗinsa kamar teku. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda ba komai ba ce face ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Ita iska ke kwasowa ta zuba mana a kan teburi. Wata kuma ba ta sauka a nan, tana wucewa ta tsallake Tekun Atlantika ta faɗa dajin Amazon a Kudancin Amurka, ta zama masa taki. Tun da na san haka, in na lakato ƙurar nan da yatsa sai in tsaya ina kallonta. Gawar tafki ce a hannuna, 'yar'uwarta kuma tana can tana ciyar da itatuwa a wata nahiya.

Kuma an yi mutane a bakin ruwan nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako. Da aka tono shi sai ga kwalekwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, shekarunsa wajen 8,000. Nakan yi tunanin wanda ya sassaƙa shi. Ba a san sunansa ba, ba a san yarensa ba, ba a san abin da yake bauta wa ba. Amma ya zauna ya gyara goshin jirgin nan ya fito da kyau, yadda masassaƙi mai kishin aikinsa yake yi har gobe. In na tuna shi sai in ji kamar wani ɗan'uwa ne ya miƙo mini hannu daga ƙarƙashin ƙasa.

Daren da aka ɗauke wuta, in hazo ya yi sauƙi, mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ni da 'yata. Kakarta ce ta koya mini Kaza da 'Ya'yanta, ni kuma na koya mata. Abin da na ƙara a kai shi ne, hasken da muke gani daga taurarin nan ya yi sama da shekara 400 a hanya. Ya baro can tun kafin jihadin Shehu Ɗanfodiyo na 1804 da shekara fiye da ɗari biyu, sai yanzu ya iso idon yarinya 'yar shekara tara. Na gaya mata Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce kamar tamu mai zagaya rana, zafinta har dalma yake narkarwa. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, to su wa suke kallonmu daga can?" Ban da amsa. Na fi awa ɗaya ina juya tambayar bayan ta yi barci.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ban yi asarar komai ba. Ranar da muka kai Inna makwancinta, ana ta cewa Allah ya sada mu da ita a Aljanna, ina cewa amin da baki. Na dubi yayana, na ga hawayensa akwai sa rai a ciki, nawa babu. Na yi masa hassada a ranar, wannan gaskiya ce. Abin da ya rage mini na Inna shi ne yadda take murza daddawa a tafin hannu, da waƙar da take yi in tana tankaɗe, da wushiryarta da ta tsallake ni ta fito a bakin 'yata. Saboda na ɗauka ba wata haɗuwa a gaba, shekara biyun da ta yi tana jinya ban bar wa kowa wankin ƙafarta ba. Ban ce na fi mai imani kula da uwa ba, yayana ya yi nasa har ya fi ni. Ni dai ta nan tawa ta biyo.

Uwargida ta san halin da nake ciki. Tana yi mini addu'a, ba na hana ta. Da azumi ni nake tashinta sahur, don barcinta nauyi gare shi. Har yau in aboki zai yi tafiya nakan ce masa Allah ya kiyaye hanya, domin Hausa ba ta ba ni wata hanyar da zan ce ina so ya dawo lafiya ba, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa.

A gaida mini Baban da ya bugo waya, a ce masa ban riƙe shi ba. Roƙona gare ku, wata rana ku gayyato masanin ƙasa ko na taurari ya yi mana bayanin hazo da kwalekwalen Dufuna da Hausa, don yara da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba. In kuma za ku karanta wasiƙar nan a shiri, don girman zumunci a ɓoye adireshin da ta fito.

Naka,
Wani mai sauraro daga Arewa