Gyara kan sarar takobi a finafinan tarihi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ɗan fili a jaridarka. Mu maƙera ne da dukawa da mahaya daga Damagaram, kuma maganarmu a kan faɗan takobi ce da ake nunawa a finafinan tarihi, na waje da na gida. Jarumi biyu su tsaya gaba da gaba, su yi ta haɗa kaifi da kaifi, ƙwal, ƙwal, har minti biyar, tartsatsi na tashi, a gama takubban suna sheƙi kamar yanzu aka ɗauko su daga maƙera. Masu shirya finafinanmu sun kwaso wannan salo daga Indiya da Sin da Turai, suka damƙa wa ɗan wasa takobin Hausa suka ce ya yi. To takobinmu ba don haka aka ƙera shi ba, kuma surarsa kaɗai ta isa shaida.

A zare shi daga kube a duba. Miƙaƙƙe ne, baki biyu. Tsawon ruwansa santimita 75 zuwa 85, faɗinsa kusa da ƙota kamar yatsa uku, nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya ba. Ƙotar gajeriya ce, hannu ɗaya take ɗauka, don haka ɗan wasan da ya cusa hannu biyu a kanta yana nishi kamar mai faskare ya riga ya kauce hanya. Ƙarshensa a mulmule yake, ba shi da tsini irin na mashi, wato abin sara ne, suka ba aikinsa ba ce sai da larura. Layuka masu kwarmi da ke bin tsakiyarsa, sau da yawa uku, ba magudanar jini ba ne kamar yadda ake faɗi a majalisa. Rage nauyi suke yi ba tare da ƙarfen ya rasa ƙwarinsa ba. Tsofaffin takubba masu daraja, ruwansu daga Solingen ta ƙasar Jamus fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, wasu da tambarin jinjirin wata biyu, maƙeran nan su yi ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Bakin da aka wasa bai kai rabin milimita kauri ba. In baki biyu irin wannan suka haɗu da ƙarfin damtse, kowanne sai ya yi giɓi, wani milimita 1, wani har 3. Giɓi ba ya cikuwa. Gyaransa shi ne a ci bakin gaba ɗaya da magagari da dutsen washi har a sauka zurfin giɓin, shi ya sa za ka ga tsohon takobi ya tsuke wajen ƙarshe, washi ne ya cinye shi shekara da shekaru. In kuwa aka bar giɓin, daga nan tsaga take farawa, ran da aka sari abu mai tauri sai takobin ya karye daidai wurin. Abin da aka saya da tsada, wanda uba ke bar wa ɗa, wane barde ne zai mai da shi zarto a faɗa ɗaya? In tilas ta sa a tare sara da takobi, da faɗinsa ake tarewa, ko da gindinsa kusa da ƙota inda ƙarfen ya fi kauri kuma ba a cika wasawa ba, a goce saran gefe, ba a tsaya masa ƙyam ba.

Amma aikin tarewa na garkuwa ne, ita ce kuma finafinai suka jefar. Dubi ƙarfen da ke gicciye tsakanin ƙota da ruwan takobi: gajere ne, an naɗe shi da fata ko tagulla, ba ya rufe yatsu ko kaɗan. Hannun da ke riƙe da irin wannan takobi a bayan garkuwa yake zama, ya fito ya yi sara ya koma. Garkuwar Abzinawa ta fatar warwaji, wata babbar dabbar hamada mai kama da barewa, takan rufe mutum daga kafaɗa zuwa gwiwa. To in jiki a rufe yake, ina ake nema? Wuyan hannu lokacin da ya leƙo, da ƙwauri, da kai. A Visby ta ƙasar Suwidin an tono ƙasusuwan mutum sama da dubu da suka mutu a yaƙin 1361, aka tarar sara mai yawa a ƙwauri take. Garkuwa kowa ya riƙe ta sama, ƙafa kuwa tana fili. A fim ba ka taɓa ganin an nemi ƙafa, kowa takobin ɗan'uwansa yake nema ya doka, ko da ba a tare ba saran iska zai ci.

Ita kanta sarar tana da ƙa'ida. Wurin da ke ci shi ne kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙarshen takobi. A sara da kusa da ƙota, babu gudu; a sara da can ƙarshe, ƙarfen ya yi rawa ya girgiza hannu. Dole kuma baki ya bi layin da hannu ke tafiya, in wuyan hannu ya ɗan karkace sai takobin ya faɗa da faɗinsa, ya yi mari maimakon yanka, wani lokaci ya lanƙwashe. Ana sara ana ja, kamar mahauci da wuƙa. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. Jujjuyawar da jarumin fim ke yi, ya ba abokin gaba baya, tana cin kusan daƙiƙa guda, wato ya ba da kyautar sara biyu. Haka tsayuwar nan da ake manna takubba, fuska kusa da fuska, ana jefa wa juna baƙar magana. Mutumin da ke da wuƙa ɗaure a hannunsa na hagu ba zai tsaya sauraron jawabi ba.

Sai sulke da lifidi. A fim sara ɗaya ke keta sulke kamar ƙyalle. Zoben ƙarfe ba ya yankuwa da sara. Abin da ke faruwa shi ne ƙashin da ke ƙarƙashi ya karye in babu riga mai kauri a ciki. Mai sulke da mashi ake nemansa, ko kulki, ko a kayar da dokinsa. Lifidin da aka cusa wa auduga ya lulluɓe doki da mahayi, sara nutsewa take yi a cikinsa, abin tsoronsa wuta ne da nauyi, don ɗan lifidin da ya faɗo ƙasa tashi sai da taimako. A fagen fama ma takobi ba shi ke buɗe yaƙi ba. Ƴan baka da kibiya mai dafi ke farawa, sannan masu mashi, takobi sai an cakuɗe ko an kora ana bi. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ɗaukaka ganuwar Birni, Damagaram na da bindigogi har da igwa da aka ƙera a nan cikin gari. Fim ɗin da ya nuna sarakunan ƙarshen ƙarni na 19 suna raba gardama da takobi tsakanin mutum biyu, rundunoni na tsaye suna kallo, ya manta cewa a Tirmini, inda Faransawa suka ci rundunar Damagaram a 1899, harsashi ne ya yanke hukunci.

Ƙananan kurakurai kuwa ba sa ƙirguwa. Takobi da hamila ake rataya shi a kafaɗa, ya sauka gefen hagu. Wanda aka ɗaure a gadon baya ba ya zaruwa, don hannun mutum bai kai tsawon ruwan takobin ba. Kuben fata ba ya ƙara in an zare, wannan ƙarar daga baya ake ɗora ta. Mai da takobi kube da jini a jikinsa kuwa, kafin gari ya waye tsatsa ta kama, fatar ta yi wari.

Wajen ƙira ma haka. Ana nuna an narka ƙarfe an zuba a kwarmi, ya huce ya zama takobi. Tagulla ake zubawa, takobi bugu ake yi a kan uwar maƙera, da masaba da zugazugi da gawayin ƙirya. Yau da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ake yi. In an gama siffa, a gasa shi ya yi ja, wajen digiri 800, a tsoma cikin mai. Ruwa yakan tsaga irin wannan ƙarfe. Daga nan ya yi tauri amma kamar kwalba yake, sai an sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya wuce ruwan ƙasa ya doshi shuɗi, sannan ya sami danƙo. Gwajinsa: a kafa ƙarshensa a ƙasa, a danna ya lanƙwasa kamar faɗin tafi, a saki. Na kirki zai miƙe sak. Na ƙarfen rodi zai zauna a karkace.

Ba mu ce a nuna faɗan gaske tsirararsa ba, don yakan ƙare cikin sara biyu ko uku, mai kallo bai gyara zama ba an gama. Amma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san inda daɗin yake: kirari, zagaye, auna juna, hannu ya miƙa ya janye, sannan kaye cikin ƙiftawar ido. A ja wannan jiran, a sa garkuwa, a sa doki, faɗan ya zo gajere mai tsanani.

Ga masu shiryawa, kada takobi mai kaifi ya shiga wurin ɗauka sai don nuna shi kusa, a hannun mutum ɗaya. Na haɗawa a yi su da alminiyom, baki mai kaurin milimita 3, ƙarshe a mulmule, kuma kada a haɗa na alminiyom da na ƙarfe, na ƙarfen zai cinye shi. A guji takubban ado na kasuwa: wutsiyar da ke cikin ƙotarsu siririya ce, walda aka yi mata, tana ɓallewa ruwan takobin ya yi tsalle ya sami wanda ke gefe. Na aiki wutsiyarsa daga jikin ƙarfen take, ta ratsa ƙota ta fito, a daddage kanta da guduma. A raba faɗa gunduwa-gunduwa, motsi biyar ko shida, a maimaita a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa har jiki ya riƙe, sannan a ƙara sauri. Ƴan wasa su tsaya inda takobi zai gaza kaiwa jiki da taƙi guda, kyamara ta tsaya bayan kafaɗar ɗayansu, tazarar ba za ta fito ba. Kada a nufi fuska, kada kuma sara ta tashi sai idanu sun haɗu. Bayan kowace ɗauka a shafa bakin da yatsa, a goge ƙayar da ta taso da magagari, a girgiza ƙota a ji ko ta saki. In ta yi motsi, a ajiye wannan takobin a ɗauko wani.

Mun gode da ba mu fili. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Wasu maƙera da dukawa da mahaya,
Birni da Zango, Damagaram