Masu gyaran CD, ku duba wuta kafin ku taɓa ido

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran kayan sauti, da masu tsofaffin na'urorin CD da har yanzu ba su yar da su ba. Gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata a nan Kano, kuma akwai ɗabi'ar da ta yi yawa a cikinmu da take ci min tuwo a ƙwarya.

Da an kawo CD tana tsalle ko ta ƙi karanta faifai, sai yaro ya ɗauki sukuddireba ya murɗa ɗan kusan nan da ke jikin ido, wato ɓangaren da ke karanta faifai da hasken lesa, ya ƙara wa lesar ƙarfi. Faifai ya karantu, mai kaya ya biya yana sa albarka. Kafin shekara ta zagayo idon ya mutu murus, don an ɗora masa wutar da ta fi ƙarfinsa. Idon Sony irin KSS-213 ana samun madadinsa, amma CDM-4 na Philips an daina ƙera shi tuntuni. In ka kashe shi, ka kashe na'urar. A yawancin waɗanda suka zo hannuna idon lafiyarsa ƙalau. Ko dai ƙura ce, ko kuma wutar da ke isa gare shi ce ta gurɓace.

Ga yadda abin yake. Taransifoma tana sauko da wutar gida, diyod su daidaita ta, manyan kafasita su tace ta, sannan regileta irin 7805 ko 7812 ta tsayar da ita a bolt 5 ko 12. Kafasitocin nan akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma bushewa yake yi. Da yawansu 85°C aka rubuta a jikinsu, wato iyakar zafin da aka ƙera su su jure, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu. To, ka ɗauki na'urar da aka yi a 1990, ta sha aiki a Turai, aka kawo ta gwanjo, ta zauna a ɗakin kwano a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Me ya rage a cikinsu? In sun bushe, sai ka ji gurnani a ƙasan sauti, kiɗan ganga ya rasa nauyinsa, motar da ke juya faifai ta riƙa tangal-tangal. Mai gyara ya ga tsalle ya ɗora wa ido laifi.

Saboda haka matakin farko shi ne a sauya kafasitocin da masu 105°C. Girman ya zama daidai da na da ko ya ɗan ɗara, bolt ɗin kada ya gaza na asali, a kuma kula da ƙafar da ke da alama, don in an juya ta fashewa take yi. Nichicon, Panasonic da Rubycon suna da kyau, sai dai jabu masu ɗauke da sunayensu sun cika kasuwa. Ni ba na sa ko ɗaya sai na auna shi da mita.

Wanda yake neman sauti ya fi yadda kamfani ya fito da shi, nan ma daga wuta zai fara. Mota da masu matsar da ido suna fizgar wuta ne kamar yara a kan famfo ɗaya, kuma a na'urori masu araha layi guda suke sha da guntun da ke mayar da lambobi sauti, da ɗan kiristal ɗin da ke riƙe lokaci, mai 11.2896 ko 16.9344 MHz. Ka ware wa waɗannan biyun regileta tasu, ko da LM317 ce, ka sa ƙananan kafasita dab da ƙafafunsu. Wannan aikin kunnena yana jin bambancinsa, musamman a muryar mai karatu da sautin kalangu. Irinsa masu sha'awar abin a Ingila suka daɗe suna yi wa Marantz CD-63.

Sauya aisin ƙarshe kuwa, wato ɗan guntun da sauti ke bi ta cikinsa kafin ya fita, a cire 4558 a sa NE5532, yana ɗan taimakawa, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. In wutar ba ta da tsabta, asarar kuɗi ce kawai.

Abu uku kuma da ke iya kai mutum asibiti ko su ƙona kaya. Na'urar da aka yi don Japan bolt 100 take ci, ta Amurka 120, tamu kuwa 230, don haka a karanta bayanta kafin a jona. Sannan ƙananan DVD da VCD da ba su da babbar taransifoma, babban kafasitansu yana riƙe wajen bolt 325, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare soket. A sauke ta da rezista kafin a kai hannu. Hasken lesar CD ma idon mutum ba ya ganinsa sosai, amma yana illa, kada almajiri ya leƙa shi.

Ga masu kaya, in kun kai gyara ku tambayi mai gyaran ko ya auna wutar kafin ya taɓa ido, ku kuma ce ya ba ku kafasitocin da ya cire ku gani. Masu sayar mana da kayan gyara a Sabon Gari kuma, don Allah ku riƙa kawo na ainihi masu 105°C, ko da sun fi tsada. Za mu saya.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti, Fagge, Kano