Koken manoman wake zuwa ga Mai Girma Hakimi kan tsutsar saiwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, mu ne talakawanka manoman wake na ƙauyukan jigawa da masu lambu a fadama, mun kawo kukanmu.

Damina biyu kenan wake yana mana wani abu da bamu saba gani ba. Sai ya tsiro lafiya lau, yana fara yaɗo sai ganye ya yi rawaya ya tsumbure, rana na take tsaka kaga ya yi yaushi alhali ƙasa da danshinta, kuma ba duk gonar ba, tsibi-tsibi yake yi. Mun zuba taki mun yi feshi, wasu har akuya suka sayar, a banza. Sai da wani yaronmu da ya yi karatun gona a Samaru ya tuge gindi ɗaya ya nuna mana, wallahi saiwar duk ta kumbura ƙulu-ƙulu kamar carbi. Ya ce wata tsutsa ce ta cikin ƙasa da ido baya gani, nematod, tana shiga saiwa ta toshe hanyar ruwa da abinci, mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa kuma cikin kamar wata guda sabbi sun taso.

Abin da ya ruɗe mu, ai wake dama yana da ƙulli a saiwa mai amfani. Amma wancan in ka murza da yatsa yana ɓallewa, cikinsa jaja-jaja, na cutar kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, baya fita.

Ranka ya daɗe feshin ganye baya kai wa ga tsutsar, amma har gobe masu shagon magani sayar mana suke. Ga tumatir da kuɓewa duk tana ci, dashen da ake sayowa a kasuwa shi ke yawo da ita, da ƙasar jikin fartanya da ruwan ban ruwa.

Dan Allah a sa baki hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ta turo malaman gona su ɗebi ƙasarmu a gwada, a kuma tambayo mana cibiyoyin binciken aikin gona, IITA ta Kano da IAR Samaru, irin waken da ke jure mata kafin shuka ta zo. Sannan a umarci dagatai da masu unguwanni su yi shela, a riƙa tuge tsofaffin gindi ana ƙonawa bayan girbi, a daina maimaita wake da tumatir wuri ɗaya, a sa gero ko dawa tsakani. Mun ji takin kaji da tunkuzar darbejiya suna rage ta, a nuna mana yadda ake sawa. Mun rasa ƙwaya mun rasa harawa, dabbobi ma a wahale suka ci rani.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Talakawanka,
Manoman wake da masu lambu